Babur Ɗin Auta da Zaman Baba

Shekarun baya can, lokacin da Turawa ke ɗaure kayansu suna komawa gida, ƙanena ya sayi tsohon babur a hannun wani Baturen gona da zai tashi. Baƙi ne, ɗan Ingila, mai nauyi kamar bijimi. A unguwarmu a Argungu ba wanda ya taɓa mallakar irinsa. Ƙanen nan nawa, autanmu, shi ya yi boko har ya fito malamin gona. Ni ban daɗe a aji ba na gudu, na koma sana'ar su a jirgin mahaifinmu, daga baya na kafa rumfar gyaran keke a bakin kasuwa.

Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, “wancan” yake ce mini. Bai taɓa dafa kafaɗata ba. In yana son in yi wani abu, sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ni kuma in ji. Kunya ce ta al'ada, ba ƙiyayya ba, na san da haka. Amma sanin bai taɓa hana ni jin kishi ba in na ga yana jan kunnen Auta suna dariya.

Ranar da aka kawo babur ɗin, Baba ya zagaye shi yana shafawa, don a lokacin idonsa ya fara hazo. Ya ce, “Auta, wanga dokin naka mi shika ci?” Daga ranar duk wanda ya zo sayen kifi sai ya sha labarin babur kafin a ba shi kifinsa. Ni da rabin kekunan garin suka bi ta hannuna, ban taɓa jin an ba kowa labarina ba.

Idon nan ne ya kawo maganar. An duba shi a asibitin Birnin Kebbi, aka ce lallai ya riƙa zuwa a kai a kai ana wanke masa ana sa magani, in ya yi wasa zai makance. Mota kuwa a zamanin sai ranar kasuwa, ita ma ba tabbas. Saboda haka babur ɗin Auta ne kaɗai hanya.

Tafiyar farko suka dawo da ƙura har gira. Auta ya ce tun da suka fita bayan babur ɗin ke kaɗawa kamar wutsiyar tarwaɗa, musamman a kwana. A dawowa, wajen wata gangara kusa da fadama, ya kwashe su ya zubar a rairayi. Ba wanda ya karye, amma Baba ya ƙuje gwiwa, hularsa ta faɗa cikin kwata, kuma a gaban wasu mata masu tallan nono. Wannan ya fi masa ciwo. Ya ce shi da babur har abada, gara ya makance da mutuncinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ji dokin ya kada su, na ci tuwona da daɗi.

Da safe sai ga Auta ya turo shi rumfata. Abin da ke ƙara ba ni haushi da yaron nan shi ne ba ya da girman kai, ba ka samun inda za ka kama shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Yaya, ni karatun shinkahwa niy yi, ban san ƙarhe ba. Ka duba muna shi don idon Baba.”

Na ce, “Ni mai keke na. Ka kai ma Baturen da yas saida ma shi.”

Ya ce, “Shina cikin teku yanzu, Yaya.”

Na aro turmi a maƙwabta na kife, muka ɗora cikin babur ɗin a kai, tayar baya ta tashi sama. Na kama ta na girgiza hagu da dama, sai na ji ƙwas ƙwas. Na bi wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da sifana. Mai ƙarfi tana amsawa da ƙara siririya, sakakkiya kuwa sai ta yi maka muryar tsohon kwano. Da yawa sun saki. Wannan aikina ne na kullum, na ɗaure su har tayar ta daina layi. Boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa na wanke da kananzir na cika da giris, lafiyarsa lau.

Amma ƙwas ƙwas ɗin bai tafi ba. Na kwanta a ƙasa na ce Auta ya girgiza, sai na ga motsin ba daga tayar yake ba, daga inda ƙarfen da ke riƙe ta ya haɗu da jikin babur ne. Bushin wurin, wato zoben da ke hana ƙarafan biyu wasa, ya cinye sarai. Sai da na hau motar kasuwa na je Birnin Kebbi, wurin wani bakanike Kirista mutumin Jos da ke zaune a unguwar Nasarawa, ya yanka mini sabo da tagulla. Shi ne kuma ya ce in duba shokozoba, in ɗaya ta zubar da mai to bayan zai riƙa tsalle. Haka ne kuwa, ta hagu ta bushe, na cika ta da mai. Da na gama haɗawa, na ɗauko zaren taru na ja daga tayar gaba zuwa ta baya, na ga ta bayan ta ɗan kalli gefe, na daidaita ta wurin notin ja da sarƙa.

Sannan na ɗaure buhun shinkafa shanshera a mazaunin baya, mai nauyi kamar na Baba, na ce Auta ya je har gangarar da suka faɗi ya dawo. Ya dawo baki har kunne. “Yaya, kamar bisa tabarma!”

Gwaggonmu ce ta lallashi Baba ya yarda a gwada, daga ƙofar gida zuwa masallaci kawai. Na tsaya a baya na harɗe hannu ina jiran yabo. Suka tafi sumul har kwanar gidan mai unguwa. Suna shiga kwanar, bayan babur ya watsa gefe, Auta ya sa ƙafa da kyar ya tare. Baba ya sauko, ya kakkaɓe riga, ya dawo da ƙafa. Da ya zo daidai inda nake, sai ya ce da gwaggo, “Ashe gyaran keke daban na.”

Maganar ta shige ni. Amma ni na ga abin da ba wanda ya gani, don ni bayan Baba nake kallo, ba taya ba. Zaune yake ƙyam, hannuwa bisa gwiwa, bai riƙe komai ba. Da babur ya kwanta hagu zai sha kwana, sai ya jefa jikinsa dama da ƙarfi. Na san wannan motsin. Shekaru na yi a gaban jirgi yana baya, in jirgi ya karkata haka yake mayar da shi, tun kafin ni in ji ya karkata. Abin da ya hana shi nutsewa a gulbi tun yana yaro, shi ne ke kada su a tudu. Buhu bai san jirgi ba, shi ya sa bai ba da wahala ba.

Maganin a fili yake. Mutumin da ba ya ganin kwana kafin ta zo, sai dai ya manne da mai tuƙi, ya riƙe shi gam, jikinsa ya bi nasa. Ni kuwa ban so haka ba. Na je wurin maƙeri ya lanƙwasa mini ƙarfe, na ɗaura a bayan mazauni, wai Baba ya riƙa kamawa. Na ce da kaina don mutuncin dattijo na yi. Auta na tuƙi, na hau baya da kaina na kama ƙarfen, na yi irin motsin Baba don in gwada. Saura kaɗan mu shiga rumfar mai tsire. Ashe abin da zai ƙara masa ƙarfin fizga na ƙera. Na kwance shi na jefa cikin tarkace.

Na gaya wa Auta gaskiyar magana. Ya zaro ido. “Yaya, ni in hwaɗa ma Baba bai iya zama ba? Wallahi sai dai kai.”

Muka same shi a zaure yana gyaran taru da lalube. Na zauna nesa kaɗan, na yi yadda shi yake yi mini. Na dubi Auta na ce, “Ka hwaɗa ma wanda kaka ɗauka, babur lahiya lau shike. Amma babur ba jirgi na ba. In ya kwanta, a bi shi a kwanta.”

Baba bai ɗago ba. Ya ce, “Auta, tambayi wancan, in bi shi mu kihe?”

Na ce, “Auta, akwai ruwa bisa hanyar Birnin Kebbi?”

Sai na ga gemun Baba yana motsi, dariya yake dannewa. Can ya ce, “To mi za a yi? Jikin ba shi jin magana, shi ka yin abinai.”

Na ce, “A rungumi mai tuƙi. A aza ƙirji ga bayanai, a ruhe ido in an ga dama.”

Na faɗa da bakina, ba wanda ya tilasta ni.

Washegari ranar asibiti ce. Baba ya hau, sannan ya zagaya hannuwansa ya kama cikin Auta, ya kwantar da kumatunsa a tsakanin kafaɗunsa kamar jariri a goye. Auta ya ce, “Baba, ka matse ni, ban iya lumhwashi!” Baba ya ce, “Mutu, ɗan banza, ni dai ba ni sake hwaɗuwa gaban masu nono.” Unguwa ta kwashe da dariya. Suka sha kwanar gidan mai unguwa kamar an ja layi. Ni na tsaya da baƙin mai a hannu har ƙarar ta ɓace, sannan na koma rumfa na huce a kan wata tayar keke da ba ta yi mini komai ba.

Haka suka yi ta zuwa har damina ta wuce. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan ya tsaya, da shi ya ga jikokinsa har ya bar duniya. Bai taɓa ce mini sannu da aiki ba. Abin da dai ya tsiro da shi, duk ranar tafiya ba ya hawa sai ya tsaya a ƙofar gida ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “An taɓa ƙahwar baya?” Ko Auta ya rantse ya duba, ba ya motsi. Sai an aika rumfa na zo na girgiza tayar, na ce da Auta lafiya lau, sannan ya ɗaga ƙafa.

Yanzu ni ma ina da ɗan fari, kuma ni ma ba na kiran sunansa. Na gwada sau ɗaya, harshen ya ƙi. Auta yakan ce mini ai ni Baba ya fi yarda da ni, tunda ransa ya ɗora a kan hannuna. Wataƙila haka ne, shi ne mai ilimi. Ni dai abin da na sani, shi aka rungume daga Argungu har Birnin Kebbi, a je a dawo, ni kuma aka bar mini tayar baya. Na gode da tayar. Amma da an tambaye ni, bayan nan nawa ma zai iya ɗaukar kumatu.