Zoben Baba Ilu

Ku ajiye kayan aikin nan ku matso, tunda wuta ta ƙi dawowa. Cikin duk ranakun da na yi a shagon nan na Ƙanƙara, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Baba Ilu ya shigo da jitar lantarki nannaɗe cikin buhun taki. Lokacin girbin masara ne, ina babban mai gyara a hannun maigidana, marigayi Alhaji Lawal. Aikinmu rediyo ne da lasifikar masallaci, jita kuwa sai jefi-jefi.

Baba Ilu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, rashin tsaro ya koro shi cikin gari da iyalinsa. Gona ta tafi, jitar nan ce kaɗai ke ciyar da gidan. Ga ta kuma ta fara cin amanarsa: da an ƙara sautin lasifika sai ta tsandara ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yana da biki a Sabuwa ranar Asabar, mai bikin ya faɗa masa ƙarara cewa in ta sake yi wa baƙinsa wannan kukan, samarin piyano zai kira. Kun san mutanenmu, gida ɗaya ya sallame ka, kafin kasuwa ta ci kowa ya ji.

Ga wanda bai sani ba, ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai abin da muke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Shi ke jin motsin tsirkiya ya aika wa lasifika. Ana tsoma shi cikin kaki don naɗin ya kame. Na Baba Ilu kakin ya daɗe da narkewa, naɗin ya saki, komai ya taɓa jikin jitar sai ya ɗauka, har da ƙarar lasifikar kanta. Daga nan kukan ke zuwa.

Na aika Kano aka kawo sababbin fikof guda biyu. Na zare tsofaffin wayoyi, na sa masu rufi, na liƙe da dalma, na canza maɓallin sauti. Ba yabon kai ba, aiki ya yi kyau. Na ƙure lasifika, ko tari ba ta yi ba.

Baba Ilu ya zo ranar Alhamis, ya zauna kan benci ya kaɗa kaɗan. Sai ya tsaya, ya yi min godiya, ya sa albarka, ya fara mayar da ita cikin buhu. Fuskarsa kuwa kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Raina ya ɓaci, wallahi. Na tambaye shi me ya rage, ya ce ba komai ɗana, ta yi tsaf, sai dai ita kaɗai ke magana.

Har na buɗe baki zan ce to da wa za ta yi magana, Alhaji ya ɗaga min hannu. Ya roƙi Baba ya sake kaɗawa, ni kuma ya ce in daina kallon lasifika, in kalli hannun mutumin.

Nan na gani. Akwai zoben azurfa a ɗan yatsansa, tsakanin kowane bugun tsirkiya yana ƙwanƙwasa jikin jitar da shi. Katakon wurin har ya yi rami. Tsohon fikof, saboda sakin da ya yi, yana kai wannan bugun cikin lasifika kamar ganga. Sabon kuwa tsirkiya kaɗai ya sani.

Alhaji ya tambaye shi tun yaushe yake haka. Baba Ilu ya murza zoben a yatsansa.

"Ƙanena Hamisu ne ke buga min ƙwarya," ya ce. "A gona 'yan bindiga suka same shi, bai dawo ba. Tun daga ranar ni ke yi masa bugunsa."

Ashe kukan da na kashe, tare na kashe shi da Hamisu.

Na karɓi jitar na sake buɗewa. Sabon fikof ɗaya na bar shi ta ƙasa, shi zai ɗauki nauyin sauti. Tsohon na mayar da shi kusa da wuyan jitar, na shimfiɗa masa soso don ya rage rawa, na ja masa wayarsa daban da nasa maɓallin. Muka yi ta gwadawa, ni ina murɗawa, shi yana ƙwanƙwasawa, har muka sami daidai inda zobe ke fita kuka bai taso ba. Na ɗiga farin fenti a wurin, na gargaɗe shi kada lasifika ta fuskance shi.

Ranar Asabar Alhaji ya ce in bi shi Sabuwa ko wani abu zai tsinke. Bayan la'asar aka fara, ni ina tsugune bayan lasifika. Jita ta fito tas, zobe na bin ta a baya. Can sai wata tsohuwa, 'yar ƙauyensu da ita ma gudu ya kawo ta, ta ratso mata ta zo ta tsaya tana leƙa bayan Baba Ilu.

"Ilu, ina ka ɓoye Hamisu?" ta ce.

Hawaye na zubo masa, amma hannun bai tsaya ba.

Daga bikin nan aka kira shi Damari, ya ci gaba da riƙe gidansa. Ni kuwa har gobe ina yi wa Alhaji addu'a kan hannun nan da ya ɗaga min, ina kuma gode wa Baba Ilu da bai ci fuskata ba. Shi ya sa kuke ganin ina hana ku taɓa sukurdireba kafin mai kaya ya yi amfani da abinsa a gabanku. Wani abin da mu muke kira lalacewa, shi ne kaɗai abin da ya rage wa mai shi.