Kwandon Tumatirin Sammani

Rubuta, Rekiya jikata. Malam Garzali ne ya fara gaya mini cewa ana iya yi wa mutum aiki idonsa biyu, wani mai yin allurar kashe zafi a asibiti a Kano, shekarar da aka canja kuɗi, ranar da na raka aminina Sammani a yi masa aikin ƙaba.

Sammani manomin rani ne, gonarsa na jikin tawa a bakin kanal ɗin ban-ruwa na Bunkure. Mutum ne mai surutu, ko tumatir yake dasawa sai ya yi masa hira. Ga ciwon suga. Ƙabar nan ta daɗe tana cin sa, ya ƙi asibiti. Ba wuƙa yake tsoro ba. Ji ya yi ana sa mutum barci, ya ce in ajali ya riske shi a haka, da wane baki zai yi kalmar shahada?

Garzali ya zauna a bakin gadonsa ya ce, "Baba, allurar iri biyu ce. Ta barci, kai ka tafi, amma jiki yana jin yankan, ya firgita, zuciya ta hau bugu, suga ya tashi. Ta gadon baya kuwa tun daga ƙugu take tare labarin yankan, sai firgitar ta ragu. Ita na fi so maka. Kuma idonka biyu za a yi."

Sammani ya ce, "Wato kamar in toshe ruwa kada ya shiga kwamin shuka. To bakina fa, yaro?"

"Bakinka naka ne, Baba."

Na ce, "Kun jawo wa kanku."

Haka aka yi kuwa. Garzali ya ce tun daga kwantar da shi, in ya yi shahada sai ya koma zancen tsutsar tumatir, ya sake dawowa shahada. A nan kan gadon aiki Sammani ya yi wa Garzali alkawarin kwandon tumatir na nunan fari.

Kafin tumatir ya nuna an canja wa Garzali wurin aiki. Duk rani Sammani sai ya ware kwando, mu yi ta cigiya.

Bara ya rasu a ɗakinsa, idonsa biyu, kalmar tana bakinsa. Ina riƙe da hannunsa ya bar mini saƙon kwandon.

Jiya Iliyasu direba ya ce ya ga mai kama da Garzali a Garun Malam. Ajiye biron, uwata. Je ki ce wa babanki ya zaɓo tumatir manya-manya, a cika kwandon Sammani.