Mazarin Kakata a Bayan Gilashi

Ranar Larabar da ta wuce, ana idar da sallar asuba muka bar Malumfashi, ni da maiɗakina da gwaggona, ƙanwar mahaifina. Gidan tarihi muka nufa a Kaduna, kuma tafiyar ta Gwaggo ce. Sama da shekara arba'in da suka wuce wasu ma'aikata suka zaga ƙauyuka suna tattara kayan gargajiya, kakana ya ba su kayan kaɗin matarsa da ta rasu. Gwaggo tana gidan mijinta ta ji labari. Ba ta da hoton uwarta, ba ta da ko zanenta ɗaya. Yanzu idonta na ja baya, shi ne ta ce a kai ta ta ga mazarin da uwarta ke kaɗa auduga da shi tun tana iya bambance fari da baƙi.

A Funtuwa muka karya da koko da ƙosai. Gwaggo ta juya ƙosai ɗaya a tafin hannu, ta tambayi mai suyar ko idonta ne ya ƙara lalacewa, ko ƙosan ne ya rame. Matar ta yi dariya, ta ce tsadar wake ce, ta ƙara mata biyu. Daga nan zuwa Zariya tireloli muka yi ta bi a baya. Mun shiga Kawo da hantsi, muka biya Badarawa wajen wani ɗan'uwanmu ma'aikacin gwamnati don ya yi mana kwatance. Ya san ƙofar gidan sarai, kullum ta nan yake wucewa zuwa ofis, amma bai taɓa leƙawa ba. Kunya ta sa ya biyo mu.

Gidan ya fi yadda na zata girma. Akwai fili mai inuwa, da ɗakuna masu sanyi, can baya kuma rumfunan masaƙa da masassaƙa suna aikinsu. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta zaga da mu. Mun ga kawunan yumɓu da aka tono daga ƙasa, da takubba, da wuri da anini. Gwaggo ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban wani akwatin gilashi. A ciki ga taskira, ga curin auduga, ga mazarai biyar a jere, kowanne da gululunsa, wato dunƙulen yumɓun da ke ƙasan tsinken. Takardar da ke gefe ta ce kayan kaɗi ne daga ƙasar Katsina, shi ke nan.

Ta kara fuska da gilashin har numfashinta ya sa ya dushe. Ta daɗe, sannan ta ce duk iri ɗaya take ganinsu. Ni dai na riga na fara shirya kalmomin ba da haƙuri.

Sai ta juya wajen ma'aikaciyar. "'Yar nan, ido ya ƙi, amma yatsa bai manta ba. Ina ƙarama na ciji gululun Inna, na ɗauka ƙuliƙuli ne. Ya ɓantare, na sha duka. In na shafa zan gane."

"Mama, doka ce, ba a taɓawa," in ji ma'aikaciyar. Amma ta ce mu jira.

Ta dawo da shugabansu, wani dattijo mai tarin makullai. Ya saurari labarin tun daga farko, ya miƙo safar hannu. Gwaggo ta ce da safa ai gara ta koma gida. Aka daidaita a kan ta wanke hannu da sabulu, ta tsane shi sosai. Ya buɗe akwatin, ta fara shafa mazaran ɗaya bayan ɗaya. Na farko ta ajiye, na biyu ma haka, na uku ta ce wannan mai shi ba ta iya kaɗi ba. A na huɗu babban yatsanta ya tsaya wuri ɗaya.

"Ga haƙorina nan," ta ce.

Muka leƙa. Wani ɗan gurbi ne, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Gwaggo ta yi ta dariya tana share ido da gefen mayafi. Na ji tsoron kada ta ce sai an ba ta, domin na san ba za a bayar ba. Da kanta ta mayar da shi, ta gyara masa kwanciya, ta ce a gida da tuni jikoki sun yi ƙwallo da shi. Dattijon ya ɗauko babban littafinsu, ya tambayi sunan kakata da na ƙauyenmu, ya rubuta a gaban lambar mazarin.

Mun ci masa da miyar taushe a Malali, muka kamo hanya, muka iso gida ana kiran magariba. Na tafi ina ganin gidan tarihi wurin kayan mutanen da ne, waɗanda ba su da kowa. Ashe kowane abu da ke bayan gilashin nan yana da dangi a wani gari, ba su dai zo ba ne. Gwaggo kuwa tun da muka dawo take shaida wa maƙwabta cewa haƙorinta na Kaduna, gwamnati na gadinsa.