Neman Madatsar Ruwan da Na Shekara Ina Yayyankawa

Kano zuwa Kwanar Ɗangora

Ana idar da sallar asuba na rataya kyamarar aro, na naɗe zanena a leda, na nufi tasha. Zamanin mulkin soja ne, ina digiri na biyu a fannin injiniya. Aikina shi ne in gano ko wata ƙaramar madatsar ruwa a bayan Burumburum za ta jure nauyin ruwa. Kwamfuta kuwa gimbiya ce, ba ta haɗiyar abu guda sai an yayyanka mata. Shekara na kwashe ina datsa madatsar a takarda daga zanen da ma'aikatar ruwa ta ba mu, gutsure-gutsure, kowanne da fuska huɗu da tsini huɗu, kowane tsini da lambarsa. Gutsure ɗaya ya sirance, sai ta tofar da aikin duka. Daga ƙarshe ta ce madatsar lafiyarta ƙalau. Abu ɗaya ya rage. Malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ni ya ce in babu hoton madatsar, babu digiri.

A Fijo aka cusa mu kamar buhunan dawa. Wajen Bebeji muka tarar da shinge, ɗan sanda ya warware zanena, ya riƙe shi kai a ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Madatsar ruwa ce, yallaɓai."

"Duk wannan tsagar a jikinta, kuma kun bar mutane a ƙasanta?"

Na ce layukan lissafi ne, ba tsaga ba. Ya ce haka muke cewa kullum. Direba ya sauka ya gaishe shi irin gaisuwar da ya fi ganewa, muka wuce.

Burumburum

A Kwanar Ɗangora na sha koko da ƙosai, na jira kiya-kiya ta cika, ita kuma ba ta da niyya. Hantsi ya dubi ludayi kafin mu isa Burumburum. Duk wanda na tambaya madatsa sai ya nuna mini hanyar Tiga. Na ce ba ita ba, ƙaramar. Wata mai soyayyen kifi ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan nan, je ka wurin Mai Unguwa Sale, shi ke gadinta."

Ɗan acaɓa ya kai ni, ta hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta.

Ƙauyen Mai Unguwa

Mutanen da ruwan Tiga ya ci garinsu ne, aka dawo da su nan. Mai Unguwa Sale dattijo ne mai sanyin magana. Na durƙusa na gaishe shi, aka dama mini fura, sannan ya ɗauki sandarsa muka fita. Muka tsaya bakin wani busasshen rafi. Ga allon sanarwar aikin ya yi tsatsa, ga dunƙulen siminti guda, akuya na kwance a kai.

"Ga ta nan," in ji shi.

"Ina, Baba?"

"Inda kake tsaye. Ka yi a hankali kada ka nitse."

Na yi dariyar yaƙe. Ya ce an zo da makaɗa an kafa harsashi, daga baya suka ji a rediyo an kammala. Samarinsu duk sun tafi cirani, don babu ruwan da za a yi lambu. Na shimfiɗa masa zanen a ƙasa, na gaya masa aikin da kwamfuta ta yi a kai, ya daɗe yana bin layukan da yatsa.

"Injin naku ya ce za ta riƙe ruwa?"

"Ya ce za ta riƙe, ranka ya daɗe."

"Alhamdu lillahi. Da ma abin da ke hana mu barci ke nan."

Sai ya roƙe ni in bar masa takardar, ya nuna wa jikoki abin da aka yi musu. Nan dariyar ta ƙare mini, na ji kunya da baƙin ciki. Na ba shi, na ɗauki hoton allon da akuyar.

Tudun Wada zuwa gida

Mota ta ƙare, na kwana a Tudun Wada wurin wani abokina malamin makaranta, sauro ya yi walima da ni. Washegari na bi akori-kurar masara da ta taso daga Doguwa, na iso Kano bayan la'asar.

Da aka wanke hotunan na kai wa Dokta, mai duba aikina. Ya ce in je Tiga in ɗauko hoton wani gefen babbar madatsar, wa zai gane? Na ƙi, na liƙa akuyata a babi na biyar, ina jiran a kore ni. Ranar jarrabawa baƙon malamin ya daɗe yana kallonta, ya yaba kyawun gutsattsarina, ya ce a cire shafin kawai don ba ya cikin lissafi. Aka cire, aka ba ni digiri.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mai Unguwa da furarsa. Ɗan kwangilar da aka ba aikin madatsar ma na gode masa. Na shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa ganin madatsar da ambaliya ta kasa taɓawa ba sai tasa.