Layi Bakwai na Kuwabara

Shekara talatin da ɗaya Kuwabara Tetsuo ya yi yana kula da kwamfutocin ƙungiyar masunta ta garinsu. Mutum ne mai gudun abin kunya, ko abincin rana a gaban injin yake ci. Saura wata huɗu ya yi ritaya, yana fatan a ƙara masa shekara biyar, don matarsa na kwance kuma ba shi da wata sana'a.

Sai aka sayo sabon rumbun ajiyar bayanai. Babbar kwamfutar tana ɗauke da ƙanana guda tara a cikinta, marasa jiki, masu riƙe da gwanjon kifi da ma'auni. Da zarar ya haɗa su da rumbun, sai uwar, wato babbar kwamfutar, ta mutu ta tashi da kanta, gwanjo ya tsaya, dillalai su yi ta zagi. Sau uku ke nan. Kowane karo sai an rubuta takardar ban haƙuri an buga hatimi, kuma dole a faɗi mai laifi. Ya rubuta sunan Shirai, injiniyar kamfanin da ya kawo rumbun. Ta zo ta sunkuya har ƙasa, kamfaninsu ya cire ta daga aikin.

Wata ranar Laraba yana tonon tsofaffin fayiloli, ya ci karo da layi bakwai na umarnin kwamfuta da shi kansa ya rubuta bayan wata girgizar ƙasa: in rumbu ya yi shiru daƙiƙa goma, uwar ta sake tashi. Sabon rumbun kuwa daƙiƙa goma sha biyu yake ɗauka kafin ya amsa. Ashe laifin nasa ne.

Ya sami shugaban ƙungiya ya zayyana masa komai, ya nemi a gyara takardun. Shugaban ya zuba masa shayi.

"Haba Kuwabara, da furfurarka? Hatimina yana kai, naka yana kai. Goge abinka, mu rufa wa juna asiri."

"Yallaɓai, yarinyar nan fa?"

"Yarinya ce, za ta samu wani. Kai wa zai ɗauke ka?"

Ya goge. Injin bai sake ko tari ba, aka ƙara masa shekarunsa biyar, har da yabo. Baƙin ciki ya hana shi sakat, bayan wata biyu ya buga wa kamfanin waya yana neman Shirai. Aka ce ta bar aikin kwamfuta gaba ɗaya, ta koma ƙauyensu. Sai dai ta bar saƙo, in ya kira a ba shi haƙuri kan wahalar da ta jawo masa.