Lorraine Pavlich da 'Yan Sandan Ƙarfe

Sana'ar Lorraine Pavlich ita ce rubutun allunan shaguna da sunayen jiragen kamun kifi. Shagonta na jikin nawa, inda nake soya kifi da dankali, don haka duk wanda ya shiga wajenta sai na gan shi. 'Yar mai yankan rake ce, mace mai ƙarancin magana, wadda ba ta sakin jiki da mai yawan fara'a.

Ta daɗe tana zana wani labari da ke fitowa a jaridar garinmu duk Juma'a. Labarin wani birni ne na zamani mai zuwa, inda aka sallami 'yan sanda aka maye gurbinsu da mutum-mutumin ƙarfe. Ba sa karɓar na goro, ba sa gajiya, sai dai duk wanda ke riƙe da birnin shi suke yi wa biyayya. Dermot Quill, tsohon malamin makaranta, shi ke rubutawa, ita kuma ta zana. Har waɗanda ba su damu da jarida ba sukan saya saboda shafinta.

A shekarar zaɓen shugaban ƙaramar hukuma Dermot ya shigo da sabon mugu, wani kansila mai ƙulla makircin karkatar da ƙarfunan zuwa hannunsa. Ya ce ta zana shi dogo, da farar malafa, yana ɗingishi. Sai da zanen ya fito ta lura babu abin da ya raba shi da Warrick Teale, mai gidan mai na bakin tasha, wanda ke takara da shugaba mai ci.

Ta ci gaba da zanen tukuna. Can gaba labarin ya nuna ƙarfunan suna tono gangunan guba a bayan ma'ajiyar kansilan. Ba a jima ba sai ga magana ta cika gari, wai Teale ya binne ƙazamin mai a gefen kogi. Abin da ya hana Lorraine sukuni shi ne ta kasa gane wanne ya haifi wani, labarin ko jita-jitar.

Ta soma sa ido. Ta ga farar motar Neville Strachan, jagoran yaƙin neman zaɓen shugaba mai ci, a layin su Dermot. Ni ma na ƙara mata, na ce Dermot ya koma sayen kifi na mutum biyu, alhali shi kaɗai ne a gida. Maimakon ta gode sai ta tsura mini ido, ta tambaye ni wa ya ce in gaya mata. Daga ranar ta daina barin zanenta a kan tebur idan na leƙa.

Ranar da Dermot ya kawo rubutun da za a kama kansilan, ta tare shi a bakin ƙofa. Ina juya kifi ina jin su.

"Malam, wa ke ba ka labarin nan?"

"Kaina mana. Ko kin ga na tsufa da ƙirƙira?"

"Kanka ne ke zuwa a farar mota ya ci kifi?"

Ya yi dariya, ya ce Neville tsohon ɗalibinsa ne, dara kawai suke bugawa. Ya ƙara da cewa yawan zana makirci ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Dariyar ba ta kai idonsa ba, ko kuma haka Lorraine ta gani.

Ta zana shafin, amma ta cire malafar, ta miƙar da ƙafar, ta mai da kansilan gajere mai sanƙo wanda bai yi kama da kowa ba. Editan jaridar ya buga shi haka, bai ce uffan ba, shirun nasa ma ya dame ta. Mutanen Teale suka ce ta riga ta ɓata musu ɗan takara. Mutanen shugaba suka ce an saye ta. Kowane ɓangare ya janye mata aikin alluna, ta koma kan jiragen ruwa kaɗai.

Teale ya faɗi zaɓe da 'yar tazara kaɗan. Wasu sun je sun haƙa gefen kogin ba su sami komai ba, wasu kuma suka ce an kwashe kafin su je. Dermot bai sake kawo rubutu ba, labarin ya tsaya ba tare da an san makomar birnin ba. Daga baya ya koma wajen 'yarsa a birnin Cairns, can ya rasu.

Tare muka je jana'izar. Lorraine ta tsaya a baya tana duban masu shigowa ɗaya bayan ɗaya. A hanyar dawowa na tambaye ta ko yanzu ta yarda da Dermot. Tana tuƙi ta ce 'yar tasa ta rungume ta, ta gaya mata wai mahaifin nata kullum yana cewa Lorraine ce kaɗai ta gane.

"Na gane me?" in ji ta. "Ai bai faɗa mata ba."

Har yanzu tana shagon, hannunta bai fara rawa ba. Idan matasa masu tara tsofaffin jaridu suka zo neman ta sa musu hannu, takan sa, bayan ta tambaye su inda suka sami adireshinta.