Hannun da Aka Wanke da Fetur

Yayana bakanike ne, amma in kana so ka ɓata masa rai, ka tsaya a nan. Gyaran motocin mutane hanyar neman abinci ce kawai. A ransa shi direban tsere ne, kuma duk layinmu babu mai kiransa da sunan yanka sai Giya Biyar, wato giyar mota ta ƙure gudu. Garejinsa a jikin gidansa yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da falo. Shagon ɗinkina yana tsallaken titi, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, ba ji na yi ba.

Yana da wata jar mota da ya sa wa suna Barkono. Wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa ya tsinto ta, babu gilashi babu kujera, kaza ma a ciki take ƙwai. Shekaru ya kwashe yana haɗa ta ƙusa bayan ƙusa. Ya cire mata salansa, wai tana danne mata murya. Duk ƙarshen mako sai ya ja ta zuwa tsohon filin jirgi da ke bayan gari, inda shi da irinsa marasa jin magana suke ƙure gudu har tayoyi su yi ƙauri. Kullum da safe kuma sai ya tayar da ita, ya taka totur, ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin bututun hayaƙi, ya kai hanci.

"Man ya yi yawa," in ji shi, fuskarsa kamar mai ɗanɗana miya.

Ni kuwa ina can ina kwashe fararen yadin mutane daga ƙofa kafin su yi baƙi. Na yi masifa har na gaji. In na ce, "Yaya, kai ba ka tsufa ne?" sai ya ce mini tsufa na masu keken ɗinki ne. Sau ɗaya na bi shi filin, kuma gaskiya ɗaya ce: ban taɓa ganin ɗan'adam cikin farin ciki irin nasa ba lokacin da ya fito daga motar nan yana dariya shi kaɗai.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana ƙarama, shi ya rene ta, rabi a gareji rabi a shagona. Kwandasta muke ce mata, don kujerar gefen direba tata ce, ita ke riƙe masa agogo a wajen tsere. To, ka san 'ya'ya. Kwandasta ta tafi karatu, ta dawo ta kama aiki a ofishin kula da muhalli, cikin masu yawo da na'ura suna auna dattin iska. Daga nan gidan ya zama filin gardama.

"Motata guda ɗaya ce za ta lalata duniya?" in ji shi. "Ki je ki kama masu manyan masana'antu mana."

"Baba, ni ban kai ga duniya ba tukuna. Falonka nake faɗa maka. Ɗaga kai ka dubi silin."

Silin ɗin kuwa ya yi baƙi ƙirin ta gefen gareji. Ta nuna masa ramin da yake juye baƙin mai a bayan gida, da bishiyar da ta bushe a gefensa. Ya ce bishiyar dama ba ta da niyyar rayuwa. Su yi ta yi har shayi ya huce, sannan ta sumbaci goshinsa ta tafi. Ni ina bayan kowa: ita ke da gaskiya, shi kuma yayana ne.

Da ta yi aure ta haifi 'ya mace, sai Barkono ta samu wadda ta fi ta. Yaya ya sa wa yarinyar suna Filogi, irin na injin mota, wai 'yar mitsitsiya ce amma ita ke tayar da gidan gaba ɗaya. Mutumin da bai taɓa barin aiki don cin abinci ba, ga shi yana rarrafe a tsakar falo ana hawansa. Sai dai Filogi ta zo da ciwon asma. Likita ya ce a raba ta da hayaƙi da ƙura da duk wani wari mai ƙarfi. Kwandasta ta kafa wa ubanta sharaɗi: ranar da za su zo ba a tayar da inji, ƙofar gareji a rufe, kuma ya wanke hannunsa tas kafin ya taɓa ta. Ya ce ya ji ya yarda, kuma ya cika alkawari. Na ga Giya Biyar da tsintsiya a hannu, abin da uwarmu ba ta gani ba har ta bar duniya.

Ranar da abin ya faru, wani ƙarfen giya da ya daɗe yana jira ne ya iso da safe, ga tsere ya matso. Ya ce leƙawa kawai zai yi. Bai tayar da motar ba, wannan na shaida. Amma leƙen bakanike ai ka san shi, kafin azahar hannuwansa sun yi baƙi har gwiwar hannu. Yana jin tsayuwar motar 'yarsa ya zabura, ya yi abin da yake yi tun yana yaron gareji, abin da duk bakaniken da na sani yake yi in yana son hannunsa ya fita da sauri: ya tsiyaya fetur a gwangwani, ya dirje hannuwansa har cikin farce, ya goge da tsumma. Ya duba su, sun yi fes. Hancinsa kuwa ya daɗe da daina jin warin fetur.

Filogi ta sheƙo da gudu tana "Kaka! Kaka!" Ya cafe ta, ya riƙe fuskarta da tafukan hannunsa biyu yana yi mata wasa. Tari ya fara. Kafin in tsallako titi ƙirjinta ya soma ƙara kamar ana fito, wuyanta na lotsawa, leɓenta ya sauya launi. Uwarta ta danna mata abin shaƙa a baki, shiru. Ta kama hannun Yaya ta kai hanci, ta sake shi.

"Baba, da me ka wanke?"

"Na wanke, wallahi na wanke. Duba ki gani."

Ya ruga ya wangale ƙofar gareji, ya ce a kawo ta, babu wanda zai riga shi isa asibiti a garin nan. Kuma gaskiyarsa ce. Kwandasta ta rungume 'yarta ta ja da baya.

"Kada ka matso kusa da ita. Gwaggo, shiga ki riƙe ta."

Na shiga motarta, ta ja. Ta gilashin baya na hango direban da ya fi kowa gudu a tsaye a tsakiyar titi, hannuwansa a buɗe a gabansa. Daga baya ya biyo mu asibiti a motar haya, amma bai shiga ɗakin ba. A rana ya tsaya, bayan taga. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta gifta sai ya gaya mata ya wanke hannunsa, ita ba ta ma san wane ne ba.

Allah ya sa da sauran kwana, Filogi ta tashi. Amma Kwandasta ta ɗauke ƙafa. Ba ta yi masa rashin kunya ba, tana kiransa a waya ta gaishe shi, sai dai in ya ce yaushe za su zo, ta ce sai yarinyar ta ƙara ƙwari.

Bai je tseren ba. Wani abokin gudunsa ya zo har gida yana roƙon a sayar masa da Barkono, ya hana, ya ce ba za ta je ta yi wa jikar wani hayaƙi ba. Masu ƙarafa ya kira. Ya tsaya a kansu suna yanka ta, ni ce na shige shago na yi kukan, ni da na fi kowa tsine wa motar nan. Ya sallami masu kawo gyara, ya koma zaman shagon kayan mota na wani da ya taɓa koya wa aiki. Ya cike ramin baƙin mai, ya sake silin, ya yi wa bango fenti, ya bar tagogi a buɗe har warin ya fita. Sabulu kuwa ya saya kala-kala. Kullum sai ya tsallako shagona ya miƙo mini hannuwa.

"Shinshina, Auta. Ki faɗi gaskiya."

In ce babu komai sai ƙamshin sabulu. Ya ce in sake dai. Fatar hannun har tsagewa ta yi don wanki. Layinmu ya yi tsit, yadina sun daina baƙi, kuma wallahi ban ji daɗin shirun ba ko na rana ɗaya.

An ɗauki watanni kafin motar Kwandasta ta sake tsayawa a ƙofar gidan. Sallama suka zo yi. Mijinta ya samu aiki a wani gari mai nisa, inda motoci ba su da yawa, likita kuma ya ce canjin zai yi wa yarinyar kyau. Ta shiga ta ga silin, ta ga garejin wayam. Da ta fito idonta ya yi ja.

Yara ba su da riƙo. Filogi ta sauko ta nufi kakanta da gudu, ta ɗaga hannuwa sama. Sai na ga Yaya ya mayar da nasa baya, ya harɗe su.

"Baba, ɗauke ta mana," in ji Kwandasta. "Babu komai yanzu. Don Allah ɗauke ta."

Ya durƙusa daga ɗan nesa, yana murmushi, yana tambayarta ko tana jin maganar mamanta. Yarinyar ta tsaya da hannuwa a sama tana jira. Ta jira, ta jira, har ta gaji ta sauke su, ta juyo wajena. Ni na ɗauke ta, na kai ta mota.

Da suka sha kwana muka tsaya mu biyu a bakin titi. Har lokacin hannuwansa na baya.

"Auta," ya ce, bai dube ni ba, "ta ƙara nauyi?"

Na ce ta ƙara.

"Sosai?"

Na zaro hannunsa ɗaya daga baya, na riƙe.